Ranar da Toyi Ya Auna Randar Inna Cilalo

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke kan duwatsun bayan Ketawo, can arewacin Togo, ana ce masa Toyi. Manomi ne kamar kowa, amma ba da noma aka san shi ba. Da idonsa aka san shi.

Duk gidan da aka dafa burkutu don gayya ko biki, Toyi ake kira ya faɗi ƙwarya nawa randar za ta bayar, kuma shi ke rabawa. Yakan tsoma karan dawa har gindin randa, ya zaro, ya dubi inda jiƙa ta tsaya. Sai ya cire rabon kumfa, ya cire kaurin da ya kwanta a ƙasa, sannan ya ɗaga karan kowa ya gani, ya faɗi adadi. In ya ce talatin da ɗaya, kada ka sa rai da ta talatin da biyu.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na Toyi kam har mudun ya fi.

Ni a zangon Ketawo na tashi. Ban taɓa kai abin nan bakina ba, amma na sha ganin aikin mutumin, kuma zan faɗa muku tsakani da Allah: gwani ne, sai dai bakinsa ba linzami.

A wajen mutanen dutsen, noman gayya gwargwadon giya ne. Kafin fartanya ta taɓa ƙasa, sai mai rabo ya auna randa ya faɗa da ƙarfi. Kowane mutum haƙƙinsa ƙwarya biyu, ɗaya da tsakar rana, ɗaya in an tashi. In giya ta isa, a yi aiki har a ga ƙarshen gona. In ba ta isa ba, a yi iya abin da ta ɗauka a watse, gidan kuwa ya shiga waƙar mata a wajen niƙa.

To maganar Toyi ita ce hukunci, shi kuma ya san haka, har kansa ya fara yi masa nauyi.

Akwai shekarar da matar wani mai suna Esowe ta yi dahuwarta ta farko a gidan miji. Toyi ya tsoma kara, ya zaro, ya yi tsaki a gaban jama'a.

"Wannan randa ce ko kaskon kaji? Goma sha bakwai, har da kumfa."

Aka kwashe da dariya. Matar ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta zuwa rijiya sai in ta tabbata ba kowa. Da aka ce masa bai kyauta ba, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Ni na ce ta dafa kaɗan? Kara ba ya ƙarya."

A can ƙolin dutsen, gidan da ya fi kowanne nisa, akwai wata tsohuwa, Inna Cilalo. A zamaninta ba macen da ta kai ta iya burkutu. Yanzu mijinta ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin mutum sai inuwarsa. Gonarta hawa-hawa ce a jikin dutse, kowane hawa an tokare shi da duwatsun da ita da mijinta suka jera da hannunsu.

Ɗanta ɗaya ne, yana noma a kudu. Da ya zo ganinta da bazara ya ce mata wannan daminar ce ta ƙarshe. In gonar ta yi, ta zauna. In ba ta yi ba, zai zo ya sauko da ita, ko tana so ko ba ta so, don ba zai bar ta da yunwa ba.

Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma kabarin mijinta yana nan bayan ɗaki, kuma kullum da safe sai ta zauna kusa da shi ta ba shi labarin gari.

"In na tafi, wa zai riƙa yi wa tsohon nan hira?" in ji ta. "Shi da ko da ransa ba ya son shiru."

Damina ta yi kyau, dawa ta fito, amma ciyawa ta fi ta sauri. Inna ta shafa gonar da hannu, ta san in ba a yi noman nan yanzu ba, an gama. Sai ta kwashe sauran dawar da ke rumbu, ba ta bar ko ta kunu ba. Ta jiƙa, ta bari ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Ta cika babbar randarta da ke binne rabi a ƙasa cikin ɗakin girki, ta sa yatsa ta ji giya ta kai wuya, ta rufe da faifai. Sannan ta aika a kira gayya.

Da sassafe maza ashirin da biyu suka hau dutsen da fartanyoyinsu. Suka tarar da ita zaune a kan dutsen ƙofar gida, ta ɗaura zanenta na biki.

Wanda ya fara magana shi ne Kpaca, wani ƙato mai barkwanci, wanda duk ƙauyen aka sallama masa wajen sha.

"Inna, wannan kwalliya fa? Ko yau za ki zaɓi ɗaya a cikinmu ne?"

"Ko zan zaɓa ai ba kai ba, rumbun giya," in ji ta. "Mijin da zai shanye sadakinsa a hanya?"

Ana cikin dariya Toyi ya karyo kara, ya sunkuya ya shiga ɗakin girki shi kaɗai.

Da ya ɗaga faifai, ƙamshi ya buge shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Hannun tsohuwa yana nan. Ya tsoma kara. Karan ya yi ta tafiya bai taɓa komai ba. Da ya zaro, jiƙar ko kashi ɗaya cikin uku ba ta kai ba.

Ya durƙusa ya taɓa ƙasar da ke kewaye da randar. Danshi ne sharkaf, ga tururuwa sun yi layi suna bikinsu. Randar ta tsufa, ta tsage daga can ƙasa da cikinta, giya ta zurare a hankali har ta sauka daidai tsagar ta tsaya. Abin da ya rage, in an matsa, ƙwarya goma sha takwas.

Toyi ya tsaya riƙe da kara. Goma sha takwas ko zagayen farko ba za ta kai ba. In ya faɗa, za a noma hawa biyu ko uku a sauka, sauran gonar ciyawa ta cinye, tsohuwa ta bi ɗanta kudu.

Ya yi tunanin ƙara ruwa, ya watsar. Wanda ya tsarma giyar Inna Cilalo da ruwa ya fi wanda ya ce ba ta isa ba cin mutuncinta. Ya yi tunanin sayowa, amma ba ranar kasuwa ba ce, kuma ba gidan da ke da dahuwa a kan dutsen ranar.

"Toyi!" Muryar Inna ce daga waje. "Ka mutu ne a ciki, ko ka fara rabon da kanka?"

Ya jingine karan bayan randa ya fito hannu wofi. Tsohuwar ta karkato kunnenta wajensa tana murmushi, murmushin wanda ya san aikinsa ya yi kyau yana jiran a faɗa.

Magana zarar bunu ce, Toyi ya fi kowa sanin haka.

"Hamsin da uku," in ji shi. Ya ɗan dakata, sannan ya ƙara, kamar yadda ya saba, "da ɗan ƙoƙon mai rabo."

Aka yi shewa. Inna ta tafa hannu.

"Na gaya muku! Yau sai an ɗauki wani a ka."

Mutane suka bazu cikin gona. Esowe ne kaɗai ya tsaya ya dubi hannun Toyi. Tunda yake, bai taɓa ganin mutumin nan ya faɗi adadi bai ɗaga kara ba.

Toyi ya yi noma ranar kamar wanda aka biyo. Ba ya waƙa, ba ya tanka wa kowa. Rana tana hawa, lokacin rabo yana matsowa.

Da rana ta take, aka taru a inuwar ɗorawa kusa da gidan. Aka ce a ɗebo giya a tulu a kawo. Toyi ya ce a'a.

"Giyar Inna ba ta son rana. Daga ɗaki zan riƙa kawowa da kaina."

Ƙwarya ta farko ya cika ta fal, ya zuba wa ƙasa don magabata. Ko a wannan hali bai yarda ya ƙware su ba. Ta biyu ita ma fal, ya miƙa wa Inna, don mai dahuwa ita ke fara ɗanɗanawa. Ta kurɓa, ta gyaɗa kai.

Daga nan aiki ya fara. Ya riƙa ɗaga ludayi sama yana zubowa daga nesa, kumfa ta taso ta cika ƙwarya har baki, alhali giyar da ke ƙarƙashi kurɓi uku ce.

Don rashin sa'a, Kpaca ne a farkon layi.

Ƙaton ya karɓa da hannu biyu, ya ji ba nauyi. Ya hura kumfa, ya leƙa. Ya ɗago ya dubi Toyi. Gumi na zuba wa Toyi. Idonsa kawai ya kai wajen tsohuwar, wadda ta karkato kunne tana jiran yabo.

Kpaca ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kafa kai a ƙwarya, ya yi ta haɗiya ƙwat, ƙwat, ƙwat, tun giyar ta ƙare maƙogwaronsa bai daina motsi ba. Ya sauke, ya saki wata gyatsa da ta tashi tsuntsaye daga kan ɗorawa.

"Kai, Inna! Me kika zuba a ciki, kunama? Wannan ai sai a kashe mutum a ce rana ce."

"Ragon banza," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki. "Ubanka uku yake sha ya koma gona."

Na kusa da Kpaca ya ga abin da ya faru. Da aka ba shi tasa, shi ma ya leƙa, ya sha, ya yaba. Haka abin ya riƙa bi daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya yi wa wani raɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai aka zo kan Esowe.

Ya karɓi ƙwaryar, ya ɗan girgiza ta, ya miƙe tsaye.

"Toyi, tawa ba ta da nauyi."

Kpaca ya kama masa ƙafar wando, Esowe ya fizge. Ya nufi ɗakin girki da ƙwaryar a hannu, Toyi ya bi shi.

A ciki Esowe ya leƙa randa, ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya laluba bayan randar ya zaro karan. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa.

"Hamsin da uku ko?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba kai ne ka ce kara ba ya ƙarya ba?"

"Karan bai yi ƙarya ba. Ni na yi."

"Ka san in na fita da wannan, daga yau ko tulun ruwa ba mai kiranka ka auna?"

"Na sani. Ka kai ni kasuwa ka faɗa, ba zan musa ba. Amma don girman iyayenka, yau ka bar tsohuwar nan a gama mata gonarta."

Daga waje ana jin muryar Inna tana tambaya ko lafiya. Esowe ya daɗe yana jiran rana irin wannan.

"Ashe ka iya," ya ce daga baya. "Ashe bakin nan naka ya san hanyar rufa asiri. Ranar matata ina ya shiga?"

Toyi ya sunkuyar da kai.

"Ban kyauta mata ba," ya ce. "Ban kyauta muku ba."

Esowe ya dube shi. Sannan ya karya karan, ya tura shi cikin tokar murhu. Ya juye ɗan abin da ke ƙwaryarsa cikin randa, ya fito yana goge baki da bayan hannu.

"Inna, ki yi haƙuri. Shiga na yi in ƙara a ɓoye, wannan mugun ya kama ni."

"Ɓarawo!" in ji ta, cike da jin daɗi. "Toyi, ka sa masa ido."

Aka koma gona. Ni dai na san noma da ƙishi ba wasa ba ne, balle a jikin dutse. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zamewa zuwa idon ruwa su sha su dawo, ba wanda ya yi gunaguni. Abin mamaki ma, sun fi kullum sauri. Waƙar da suka yi da yammacin nan har gangare ana jin ta.

Rana ba ta faɗi ba suka kai hawa na ƙarshe.

Zagaye na biyu kuwa, abin dariya ne da ban tausayi. Abin da ya rage a randa bai taka kara ya karya ba. Wasu sun sami kurɓi ɗaya, wasu kumfa, na ƙarshen layi ƙwarya wofi. Amma kowa ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai, ya haɗiyi iska, ya yi gyatsa. Kpaca har ya tashi yana tangaɗi, yana rantsuwa cewa dutsen yana juyawa, ya faɗi a kan wani, aka yi ta masa tsiya.

Inna ta sa aka riƙe mata hannu ta shiga gonar. Ta bi hawa-hawa da ƙafa, tana jin laushin ƙasa a tafinta, tana shafa ganyen dawa kamar mai shafa kan jikoki. Da ta dawo ta tsaya a gaban mazan.

"Kun yi aiki, 'ya'yana. Kai kuma Toyi, idonka yana nan inda na san shi. Hamsin da uku ka ce, hamsin da uku aka sha. Wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni."

Ba wanda ya ce ba haka ba.

Da maza suka fara gangarawa, ta kama wuyan hannun Toyi.

"Kai tsaya. Zauna nan kusa da ni."

Ya zauna. Ta bari sai da takun ƙafafu ya yi nisa.

"Tun kafin a haife ka nake ɗibar randar nan," in ji ta. "Cikakkiyar randa ba ta amo. Da ka sa ludayi na farko, na ji hannunka ya shige har kafaɗa. A ina ta tsage?"

Toyi ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"A ƙasa da ciki, Inna. Ba laifinki ba ne, giyar ta yi..."

"Na san ta yi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Kai ka ɗauki sunanka ka shimfiɗa mini in taka, ni ce zan tone ka?"

Ta sa hannu bayan dutsen da take zaune, ta jawo ƙwaryarta ta tsakar rana, rufe da ganye. Kurɓin nan ɗaya ne kawai babu.

"Na ƙirga masu gyatsa, ban ji taka ba. Ko kumfa ba ka lasa ba. Ungo."

Ya karɓa, amma ya kasa kai ta baki, don idonsa ya cika.

"Ina zaune a nan," ta ci gaba, "ina jin maza ashirin da biyu suna shan iska suna yaba mini. Har da wancan rumbun, yana faɗuwa da gangan. Toyi, na dafa giya ta isa, an sha an manta. Yau da ba ta isa ba ce ba zan manta ba. Tun da tsohon nan ya tafi, ban ji an so ni kamar yau ba."

Toyi ya sha, hawaye na sauka cikin ƙwaryar.

Da kaka dawar ta yi, rumbu ya cika. Ɗanta ya hawo dutsen, ya leƙa rumbun, ya kwana biyu, ya koma kudu shi kaɗai.

Darasi: Sanin gaskiya baiwa ce, amma sanin yadda za ka riƙe ta ba tare da ka karya zuciyar wani ba ya fi. Ba duk gazawar da idonka ya gani ne bakinka zai shelanta ba. Wanda ya rufa asirin mai rauni, ko da zai taɓa sunansa, zai tarar mutane sun taya shi rufewa, shi ma a rufa nasa ranar da yake bukata. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda randarsa ta tsage yau yana jiran mai rufa masa asiri.